Wanda Ya Ɗaure Bakin Temwan

Injin tonon ƙasar ya mutu da hantsi, hannunsa na ƙarfe a miƙe sama, ludayinsa cike da laka. Mutanen ƙauyen da ke gefen Tajaye suna ce masa Zalɓe, saboda yadda yake tsayawa a tsakiyar tabki yana sunkuyar da dogon wuya. Daga Konni aka kawo shi, 'yan shekaru bayan babbar yunwa, don ya yashe tabkin kafin ruwa ya sauka. Ranar nan, Talata, ya yi wata ƙara kamar ana daka tsakuwa a turmi, ya yi tari, ya yi shiru. Da Mato makaniki ya zaro sandar awon mai, sai ya same ta a bushe kamar karan dawa. Babu ko ɗigon mai a cikinsa. Injin ya cije, ya ƙone daga ciki.

Kafin azahar Inusa, shef ɗin aikin, ya isa Illela ya kai ƙara wurin jandarma. Ya ce an daɗe ana satar man injin, kuma ya san ɓarawon: Sha'ibu, mai tuƙa shi. Kusan kowace safiya Sha'ibu yana zuwa ya ce mai ya ragu, a ƙara masa. Injin da ba ya yoyo, ba ya hayaƙi, ina yake kai mai? Kafin la'asar Sha'ibu yana kulle. Aka ce ranar Alhamis, in motar Konni ta tashi, da shi za a tafi kaso.

Ajidan Alkasum, wani babba cikin jandarmomin, aka ba binciken. Mutum ne mai jinkirin magana, wanda in ya tsinci abu a hanya, ko maɓallin riga ne, sai ya tsaya ya juya shi a tafin hannu. Da ya fito daga buro, ofishinsu, ya tarar da wata mace zaune a gindin dalbejiya da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Balki ce, matar Sha'ibu. Ba ta roƙe shi komai ba. Ta ce kawai mijinta ba ya iya cin tuwon da ya kwana, in za a bari a miƙa masa wannan.

Shi da kansa ya shigar da furar.

Sha'ibu ya faɗi abin da ya sani yana kallon ƙasa. Kullum da yamma, in ya kashe injin ya huce kaɗan, yakan auna mai, ya cika shi zuwa alama. Da safe ba ya sake aunawa, tun da injin da ya kwana a tsaye ba ya shan komai. Amma tun farkon wata, in ya fara aiki a gangare, sai jar fitilar mai ta dinga ƙyaftawa. Ya tsaya, ya auna, ya ga man ya yi ƙasa. Ya faɗa wa Mato, Mato ya ce zai duba.

"Yau fa, ta ƙyafta?"

"Ko sau guda, ranka shi daɗe. Tun shekaranjiya ba ta sake ba. Na ɗauka Mato ya gyara abinai, har na gode mai a zuci."

"In da ta kama, da ka tsaya?"

Sha'ibu ya ɗago kai a karo na farko. "Ajidan, da wanga inji nike ci da iyalina. Mutum na kashe jakin da ka ɗauko mai ruwa?"

Alkasum ya tashi ya fita. Amma a ransa ya riga ya ga wani abu da bai zauna daidai ba. Mai tuƙi ne ake miƙa wa sabon mai a galan, garau kamar zuma. In sayarwa yake so, shi zai karkatar. Me zai kai shi ƙarƙashin inji yana tatsar baƙin mai?

Washegari da sassafe ya hau babur ya nufi tabkin. Zalɓe na nan inda ya mutu, balbelu biyu sun sauka a kan hannunsa kamar sun zo ta'aziyya. Ajidan ya cire hula, ya kwanta rigingine a laka, ya shiga ƙarƙashi shi da Mato. Murfin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai yana nan, amma yatsa biyu suka juya shi. Mato ya ciro shi ya duba, ya yi salati a hankali. Ya ce akwai wani zobe na jan ƙarfe da ke zama a wuyan murfin, shi ke hana yoyo. Babu shi. An kwance murfin, an mayar ba zobe. Da injin ya ɗau zafi yana girgiza, murfin ya saki, man ya tsiyaye cikin baƙar laka inda ba mai gani.

"Wannan ya nuna yadda man ya fita," in ji Alkasum. "Saura me ya hana fitilar magana."

Mato ya yi masa bayani suna tsaye a inuwar injin. A haƙarƙarin inji akwai wani ɗan abu na tagulla, bai fi dabino girma ba, da waya guda a kansa da hular roba. Muddin mai na tura shi, hanyar wuta a yanke take. Da turin ya faɗi, sai ya haɗa wayar da ƙarfen injin, fitila ta kama. Don haka in an murɗa makulli inji yana kashe, dole fitilar ta yi ja. In ba ta yi ba, wani abu ya lalace.

Ajidan ya hau ya murɗa makullin. Allurori suka motsa. Fitilar mai ba ta kama ba.

Suka bi ta sannu, kamar masu bin sawun akuya. Mato ya ciro fis ɗin wutar fitilar ya ɗaga shi a rana, lafiyarsa lau. Ya ciro ƙwan fitilar ya gwada a batir, ya haska. Saura waya da ɗan tagullan. Ya ce hanya mai sauƙi ita ce a cire wayar a goga ta a ƙarfen injin. In fitila ta kama, waya ba ta da laifi, ɗan tagullan ne ya mutu. Ya zura hannu ya janye hular robar. Sai wani abu ya faɗo a tafinsa.

Laya ce. 'Yar ƙarama, ba ta kai farcen babban yatsa ba, an ɗinke ta da jar fatar akuya. An cusa ta cikin hular, ta zauna tsakanin bakin wayar da kan tagullan, ta raba su. Daga waje hula a mazauninta, waya a mazauninta, ba mai cewa an taɓa.

Mato ya goga wayar a ƙarfe. Ajidan, da ke leƙen ɗakin tuƙi, ya ga fitilar ta yi ja kamar garwashi.

"Mayar da layar inda take," ya ce. "Kada ka faɗa wa kowa."

Ya dubi makanikin da kyau. Mato ne ya san wurin, shi ke da maɓuɗan, shi ya yi alkawarin dubawa bai duba ba. Ajidan ya faɗa masa haka ƙarara. Mato bai yi musu ba. Ya ce lalaci ya yi, yana jiran ranar canjin mai ya haɗa aikin gaba ɗaya.

"Amma ajidan, in ni ka son kashe hitilar ga, mi za ya kai ni wurin malam da baduku? Sai in zare ƙwan in sa aljihu. Kuma ni in manta zobe? Ubangidana a Malbaza da ya ji, ko daga kabari sai ya taso ya mare ni."

Wannan ma ya zauna. Wanda ya yi aikin ya san inda ɗan tagullan yake, amma bai san yadda yake aiki ba.

Shef Inusa ya kawo wani sunan. Ya ce akwai Bafillatani mai suna Gidaɗo da ya yi ruga bayan tabkin, an ga shanunsa shafe da baƙin mai. Makiyaya suna shafa shi ga dabba don kaska da ƙazuwa, kowa ya sani. Alkasum ya taka zuwa rugar. Gidaɗo, dattijo mai doguwar sanda, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya shiga bukka ya fito da wani gwangwani. Ya ce wani mai gyaran babura a kasuwar Illela ya cika masa shi, a madadin ƙwaryar nono. Ajidan ya shafa man a yatsu ya shinshina. Tsinkakke ne, yana warin fetur. Na Zalɓe kauri gare shi, da warin gazuwal, wato dizal.

Gidaɗo ya ce shi da yake ƙirga kwanakin da tabkin zai yi zurfi, don shanunsa su daina tafiya rijiya mai nisa, shi zai kashe mai tonon? Ya ce Haɓe dai, in tukunya ta fashe a gidansu, sai su leƙa ruga su ga ko Bafillatani ya yi atishawa. Ajidan ya yi dariya, ya ce to a yafe wa Haɓe. Da zai tafi ya tambaya, kamar ba da gangan ba, ko ƙazuwa ta yi yawa bana. Gidaɗo ya ce a shanu da sauƙi. Taguwa ce, raƙumar tsohon da ke gadin injin, ta ba shi tausayi. Tun watan jiya ya hana a kawo ta rijiya kusa da dabbobinsa, gashinta duk ya zube, fatarta ta tsattsage kamar ƙasan tabki. Ya ce bai sake ganinta ba, wataƙila ta mutu.

Mai gadin, Labo, tsoho ne siriri, yana zaune a bakin rumfarsa ta zana kusa da akwatin kayan aiki, yana tufkar igiya. Ya tashi ya gaida ajidan da ladabi irin na mutanen da. A da shi madugu ne na ƙananan ayari, yana kai albasa da kanwa hayin iyaka a kan raƙuma. Yunwa ta cinye masa su. Ya ce shi bai ga kowa ba. In ma'aikata sun tafi sallar magariba a ƙauye shi kaɗai ke saura, ya yi tasa sallar a nan, ya kwana a nan.

"Ba ka ji motsi ba, baba? Ba ka ga sawu ba?"

"Ban gani ba, ɗana. Kuma ai temwan ɗin bai ce komi ba."

Alkasum ya yi masa godiya ya wuce. Sai da ya yi nisa ya tsaya cak. Ya yini yana jin mutane na cewa fitila ba ta kama ba, ba ta haska ba, ba ta ƙyafta ba. Shi kansa ya ce "magana" ne don wasa. Tsohon nan ba wasa yake yi ba. Kuma bai ce fitila ba. Da Faransanci, ma'aikata suna kiran jar fitilar temwan. Haka kuma ake kiran mutumin da ke ɗaga hannu a gaban alƙali ya ba da shaida.

Ya koma wurin Mato ya tambaye shi ko ya taɓa hira da Labo a kan fitilar. Mato ya yi tunani, sai fuskarsa ta canza. Ya ce wata rana shi da Sha'ibu suna gardama, suna ta temwan kaza temwan kaza, tsohon ya matso ya tambaya ko irin temwan na kotu ne. Shi kuma Mato, don tsokana, ya ce shi ne mana, Nasara sun sa shi a cikin inji, duk wanda ya taɓa mai yana gani, in aka murɗa makulli ya faɗi sunansa. Har ya kama hannun tsohon ya nuna masa ɗan tagullan, ya ce ga bakinsa nan. Kowa ya yi dariya. Labo bai yi ba.

"Ka san an taɓa shari'a da shi?"

Mato bai sani ba. Mai gari, da ajidan ya je ya tambaye shi, ya sani. Ya ce tun Labo na saurayi aka ƙwace gonar ubansa a Konni, a kan bakin temwan biyu da bai taɓa gani ba. Ba ya jin Faransanci, amma wannan kalma guda ya riƙe ta har tsufa.

Ajidan bai je rumfar ba. Ya zagaya bayanta, ya bi wata busasshiyar ƙorama da bagaruwa ta rufe. Warin gazuwal ne ya fara tarbarsa. Taguwar tana durƙushe a inuwa, baƙa wuluk tun daga wuya har ƙugu, tana tuƙa a hankali da wannan kallon raini da Allah Ya yi wa raƙuma. Ba ta mutu ba. A ƙarƙashin man, a kafaɗa, wani sabon gashi mai laushi ya fara tsirowa. A igiyar wuyanta kuma, kusa da wani tsohon wuri, an ɗaura ɗan zobe na jan ƙarfe.

Bayan la'asar ya tara su a gindin Zalɓe: shef Inusa, Mato, Gidaɗo da mai gari. Ya aika aka kira Labo, ya ba shi wurin tsayawa a kan sarƙar injin, inda zai iya ganin allon tuƙi. Ya murɗa makulli. Ba komai. Tsohon ya saki numfashi, kaɗan, amma ajidan ya ji.

"Mato, cire abin da ke bakinsa."

Mato ya janye hular, ya ciro layar ya ɗaga ta kowa ya gani, ya maƙala wayar a mazauninta. Alkasum ya sake murɗawa. Fitilar ta yi ja.

Labo ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gyara rawaninsa, ya yi magana, ba da ajidan ba.

"To, ka hwarka. Hwaɗi. Amma ka hwaɗi duka. Ka ce ƙwarya guda nike ɗiba, ban taɓa ƙarawa ba. Ka ce ban sai da ko ɗigo ba."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Mato ya juya baya.

Sauran ya fito da kansa. Taguwar ita kaɗai ta rage masa cikin raƙumansa, a hannunsa aka haife ta. Da ƙazuwa ta kama ta, ya roƙi Mato tsohon mai, Mato ya ce sai ranar canji, nan da wata guda. Taguwa ba ta da wata guda. Sai ya dinga buɗe akwati in an tafi magariba, ya kwance murfin yadda ya ga ana yi, ya tari ƙwarya guda ta man da ɗuminsa, ya mayar. Yana ganin kamar ɗiban ruwa ne a rijiya, da safe ana cikawa. Da ya ji zancen temwan, barci ya ƙaurace masa. Ya je wurin wani malami a kasuwa ya karɓi layar ɗaurin baki, irin wadda ake binnewa a ƙofar gidan abokin shari'a, ya cusa ta inda aka nuna masa. A ɗiban ƙarshe ya tarar da zobe a gindin ƙwarya. Bai san daga inda ya fito ba. Ya ɗauka alama ce ta samun sauƙi, ya ɗaura wa marar lafiya.

Shef Inusa ya tambayi ajidan yadda ya gane. Alkasum ya ce ɓarawon da ke tatsar baƙin mai ya bar sabo ba kasuwa yake kaiwa ba, wannan ya fitar da Sha'ibu. Wanda ya mayar da murfi ba zobe ba makaniki ba ne. Man Gidaɗo na babur ne. Wanda ya sa laya kuwa bai ɗauki fitilar a fitila ba, mutum ya ɗauke ta, mai ido da baki. Mutum guda ne a wurin nan ya yi zancenta haka. Ya ce layar ba ta san Faransanci ba, ba ta san wuta ba, amma fata ce busasshiya, wuta ba ta ratsa ta. Da fitilar na da baki ranar Talata, da ta kama tun man ya fara zuba, Sha'ibu ya kashe injin, a ɗaure murfi, a ci gaba da tono.

Labo ya saurara har ƙarshe. Sai ya tambayi inda yaron nan Sha'ibu yake. Aka ce yana kulle a Illela, gobe za a kai shi Konni. Tsohon ya sauko daga kan sarƙar da ƙyar. Ya ce ya ji an tafi da shi, ya ɗauka tambaya za a yi masa a sake shi, tun da temwan ba zai faɗi sunan kowa ba. Ya ce a tafi yanzu, kada ya ƙara kwana.

Gidaɗo ya ce taguwar ta koma wurinsa, zai ɗaure ta nesa da shanu, gwangwaninsa bai ƙare ba. Mato ya ce a rubuta cewa shi ya yi wa tsoho ƙarya, in ana rubuta irin wannan. Ajidan ya ce ana rubutawa, kuma zai rubuta.

Ya ɗauki Labo a bayan babur. Suka isa Illela rana na shirin faɗuwa. Balki tana nan a gindin dalbejiya. Aka buɗe ƙofa, Sha'ibu ya fito yana ƙifta ido, aka faɗa masa yadda abin yake. Tsohon ya durƙusa zai kama ƙafarsa. Sha'ibu ya riƙe shi a kafaɗa ya hana.

"Haba baba. Da ka hwaɗa mini, da na ɗibar maka da hannuna, in ce injin ya sha."

Ajidan ya yi kamar bai ji ba. Balki ta dubi ƙwaryar furar da ke hannunta, ta dubi mijinta, sannan ta miƙa wa Labo, ta ce shi ne zai kwana a nan.

Da za a rufe ƙofar, tsohon ya riƙo hannun rigar Alkasum. Ya ce abu guda bai gane ba cikin bayanin, na waya da wuta, kuma yana so ya sani don kada ya riƙe malamin a zuci ba dalili.

"Layar nan, ɗana. Ta ci, ko ba ta ci ba?"

Alkasum ya ciro ta daga aljihu, ya juya ta a tafin hannu.

"Ta ci, baba," ya ce. "Da ba ta ci ba, da yanzu kana gida."